Kiwon Tsohuwar Mota: Bayani Ga Hakimai Da Magatakardansu A Ƙasar Birnin Kudu Da Gwaram

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram akan sami tsohuwar mota a gidan sarauta ko a gidan attajiri, wata tana aiki, wata kuwa an ɗora ta a kan duwatsu a bayan zaure, kaji na kwana a ciki. Da yawa daga cikinsu Peugeot 504 ne, wadda jama'a su ke kira Fijo. Idan aka bi sawun waɗanda suka mutu, sai a tarar ba tsufa ne ya kashe su ba. Wata ruwa ne ya ƙare mata a hanya ba wanda ya lura, wata baƙin mai ne ya shekara ba a juye ba, wata kuwa ƙura ce ta cinye ta sannu a hankali. Dukan waɗannan abubuwa ne da mai mota da direbansa za su iya tsarewa a gida, da ƴan kayan aiki kaɗan, ba sai an je Kano ko Dutse ba.

Wannan mota ba abin renawa ba ce. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969. A tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda a ke yi a kan hanyoyin ƙasa masu ƙura da taɓo, ita ce ta zo ta ɗaya a 1975, sa'an nan ƙanwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ta sake ci a 1978. Yayarta kuma, watau 404, ta riga ta ci wannan tsere sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, ba da daɗewa ba 504 ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, aka yi ta haɗa ta har wajen 2006, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai. Saboda haka wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ma ta kusa shekara 20, waɗansu kuwa sun haura 40.

Amfanin tsohuwar mota irin wannan shi ne ba ta da ɓoyayyen abu. Ba kwamfuta a cikinta, kome nata ido na gani, hannu na kai wa. Aibinta kuwa shi ne ba ta yi wa mai ita kashedi kamar motocin yanzu. Sai wanda ya duba ya ke sanin halin da ta ke ciki.

Zafi Da Ruwan Lagireto

Babu abin da ya fi halaka injin 504 a wannan ƙasa kamar zafi, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana kan wuce digiri 40. Dalili kuwa yana cikin ƙirar injin. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, amma kansa, wanda makanikai ke kira tof silinda, na alminiyon ne. Ƙarfen nan biyu ba su buɗewa daidai da juna idan sun sha wuta. In ruwa ya ƙare, inji ya ɗauki zafi fiye da kima, sai kan ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone, ruwa ya sami hanya ya gauraya da mai. Tafiyar minti biyar da allurar zafi a kan ja ta isa ta jawo aikin da zai ci kuɗin mai na wata da watanni.

Don haka ko wace safiya, tun inji na da sanyi, direba ya buɗe murfin lagireto ya ga ruwa da idonsa. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa da hannu: wanda ya yi laushi kamar tsumma, ko ya ƙandare yana tsattsagewa, ya gama aiki, a sake shi tun bai fashe a daji ba. Ya danna fanbel da babban yatsa a tsakiyarsa. In ya lotsa kamar santimita ɗaya, daidai ne, in ya fi haka a ɗaure. Fanbel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, shi ke kuma juya injin cajin batir, saboda haka in ya tsinke mota ta tsaya ke nan, ko da kome nata lafiya.

Irin ruwan da a ke zubawa shi ma abin lura ne. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda ya ke yi a gindin butar shayi. Ruwan rafi kuwa da laka ya ke zuwa. Abin da ya fi kyau shi ne ruwan sanyaya inji da a ke sayarwa a galan, gama yana da maganin tsatsa, kuma alminiyon yana bukatarsa ƙwarai. In bai samu ba, a tari ruwan sama a mazubi mai tsabta, a tace shi da ƙyalle. Akwai masu zuba garin omo, ko su fasa ƙwai a lagireto don toshe yoyo. Yoyon kan tsaya kwana biyu, amma bututun da ba su da laifi su ma sun toshe.

Idan allura ta hau ja a hanya, a tsaya nan take, a kashe inji, a buɗe bonet, a jira. Kada a taɓa murfin lagireto sai ya huce har hannu na iya zama a kansa, domin ruwan da ke ciki a matse ya ke, ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, kuma da an sassauta murfin sai ya yi tsiri zuwa fuska. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kan zai iya tsagewa. Haƙurin rabin sa'a a gindin itace ya fi arha.

Wata al'ada ta yaɗu a wajen makanikai, ta cire ɗan abin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, watau tamostat, wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Wanda ya lalace lalle a fid da shi, amma a mayar da sabo. Injin da ba shi da shi yakan daɗe bai ɗumama ba da sanyin hunturu, ya sha fetur da yawa, ya kuma ci jikinsa.

Ƙura Da Baƙin Mai

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, hanyoyin ƙauyuka kuma nasu turɓaya ba ta ƙarewa sai ruwa ya sauka. Inji yana shaƙar iska dubban ninki fiye da fetur ɗin da ya ke sha, kuma duk ƙurar da ta tsere wa matatar iska tana shiga ta zama kamar yashin wanke tukunya tsakanin fistin da silinda. Motar da ke fid da shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai, yawanci a nan ciwonta ya faro.

Matatar iska iri biyu ce. Akwai ta takarda, wadda a ke fiddawa a kakkaɓe a hankali ko wane mako, a sake ta idan an ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba. Ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Akwai kuma mai kwanon mai a ƙasa, wadda ƙura ke faɗawa cikin man ta nutse. Ita wannan sai a kwance kwanon, a zubar da man, a kankare laka, a zuba sabon mai daidai zanen da ke jiki. Ga hanyar ƙasa ta fi ta takarda, muddin ana wanke ta. Laifi mafi girma shi ne a cire matatar gaba ɗaya don mota ta ƙara ja.

Baƙin mai ana auna shi da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai. A zare sandar awo, a share, a mayar, a sake zarowa: man ya tsaya tsakanin zane biyu. A dubi launinsa kuma. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Amma in ya koma kamar kunu ko shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a ta da motar sai makanike ya gani. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireto na zubar da mai fiye da kima.

Injin 504 yana ɗaukar kimanin lita 4, kuma mai kauri irin 20W-50 shi ya dace da tsohon inji a ƙasar zafi. A juye shi bayan kilomita 5,000 in tafiyar kwalta a ke yi, in kuwa rangadin ƙauyuka ne ya fi yawa, a juye a 3,000, tare da filtarsa. Motar da ba ta fita sosai a juye mata bayan wata shida ko da ba ta kai adadin ba. Ana yin aikin ne inji da ɗumi, don man ya gudana ya kwashe datti. A sayi mai a rufaffen galan daga gidan mai ko dillalin da aka sani. Wanda a ke aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa. Tsohon man da aka juye kuwa kada a zubar da shi kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba ko mutum a kan ƙurji, kamar yadda waɗansu ke yi, gama dafi ne.

Wuta Da Fetur

Mota in ta ƙi tashi, hannun kowa kafireto ya ke nufa, alhali sau da yawa laifin na wuta ne. Kafireton da aka daidaita ba ya sauya kansa da dare, amma wanda kowa ya murɗa sukurorinsa ba ya sake komawa daidai. A fara da batir: kawunansa su zama a ɗaure, ba farin gari a kansu, ruwansa ya rufe faranti. In ya ragu, ruwan batir tatacce kaɗai a ke ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan randa ba. Wajen kwance shi a fara cire waya mai alamar ragi, wajen ɗaurawa kuma ita ce ta ƙarshe, kuma ba a kawo ashana ko taba kusa da shi.

Daga nan sai fulogi. A kwance su huɗu a jera su bisa ga yadda su ke, domin ko wanne yana ba da labarin ɗakinsa. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya lau. Mai baƙin toka busasshe, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Mai jiƙe da mai, ringi sun gaji. Fari fat kuwa zafi ne ya yi yawa. Tazarar bakinsa kimanin milimita 0.6 ce, ta kwantak ɗin da ke cikin distributa kuma 0.4, ana auna su da siraran ƙarafan awo da a ke sayarwa a haɗe kamar wuƙar aljihu, ba da ƙiyasin ido ba. Wuta tana bin silinda a kan tsarin 1, 3, 4, 2. Abin da ke rikita baƙon hannu shi ne Peugeot tana fara ƙirga ta ɗaya daga baya, wajen akwatin giya, ba daga wajen fanka ba. Maganin rikicin shi ne a riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, a mayar da wannan kafin a taɓa waccan.

Daidaita bawul aiki ne da direba mai hankali zai iya koya idan ya tsaya a kan makanike sau ɗaya ko biyu. Ana yi ne inji ya kwana ya huce sarai: milimita 0.10 ga bawul na shiga, 0.25 ga na fita. In akwai littafin motar a duba a tabbatar, don samfurori sun ɗan bambanta. Wanda ya yi sako-sako yana ƙara, kowa na ji. Wanda aka matse fiye da kima shi ne mugu, ba ya ƙara, sai dai ya ƙone.

Fetur kuwa tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayu 2023 ya zama abin tattali, kuma mota mai tsabtar matatar iska da fulogi masu kyau da taya mai cikakkiyar iska tana rage sha a fili. Na ƴan bumburutu akan same shi da ruwa ko datti ko kananzir. Ko na gidajen mai ma an taɓa samun gurɓatacce, kamar wanda aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairu 2022 ya lalata motoci da yawa. In tilas ta sa an saya a jarka, a tace da ƙyalle mai tsabta. A sa ƙaramar filta mai gani-har-hanji a kan tiyon fetur, a riƙa leƙa ta. Tiyon kansa a bi shi da hannu daga famfo zuwa kafireto, gama tsohon roba da ya tsage yana ɗiga a kan inji mai zafi, kuma ta nan gobarar tsofaffin motoci ta ke tashi. Duk motar da a ke jin warin fetur a cikinta ba ta tashi sai an gano inda ya ke fita.

Birki Da Taya

Inji in ya lalace dukiya ce ta tafi, birki kuwa rai ne. Man birki a duba shi ko wane mako. Ba ya ƙonewa, ba ya tafiya ko ina, saboda haka in yana raguwa da sauri akwai yoyo, a nemi jiƙa a bayan ko wace ƙafa. Yana kuma shan laimar iska a hankali, har ya zama in birki ya yi zafi sai ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba ta kama ba. Don haka a ke juye shi duka bayan shekara biyu. Ba a ƙara masa baƙin mai ko ruwan omo ko da sau ɗaya. Baƙin mai yana kumbura robobin ciki ya kashe birkin duka. Ƙurar da ke taruwa a cikin birkin tsohuwar mota kada a hura ta da baki, a share da jiƙaƙƙen tsumma, domin tana cutar da huhu.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Tun daga shekarar 2000 akan buga lamba huɗu a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta wuce shekara shida abin tuhuma ce ko da zanenta bai goge ba, balle ta gwanjo da ta riga ta tsufa a wata ƙasa. Ana auna iska da safe kafin tafiya, har da safaya, wadda a kan manta da ita sai ranar da aka neme ta.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba rafuka kan cika, ruwa ya hau kan hanya, wani lokaci ya cinye ƙarƙashin kwalbati ya bar kwalta a sama kamar lafiya. Ruwan da ke gudu da ƙarfi, ko wanda ba a ga wata mota ta ƙetare ba, ba a shiga, balle da dare. Wanda ya ke kwance kuma bai wuce tsakiyar ƙafar mota ba, a shige shi da giya ta ɗaya, a hankali, ba tsayawa. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda aka tilasta fistin sai sandarsa ta lanƙwashe. A tura motar waje, a cire fulogi duka, a juya inji ruwan ya fita, a shanya cikin murfin distributa, a dubi baƙin mai. Bayan ko wane ƙetare a taka birki a hankali ana tafiya har ya bushe. Taɓon da ya manne a ƙarƙashi a wanke shi, gama 504 tsatsa ce ke karya ta tun injinta bai gaji ba.

Motar da ba ta fita sai ranar salla ko taron masarauta a Dutse ita ma tana da nata ciwo. Fetur na tsufa ya yi danƙo a kafireto, batir ya mutu, ɓeraye su ci wayoyi, zanzaro ya gina a duk ramin da ya samu. A fitar da ita ko wane mako ta yi tafiyar kilomita 15 ko 20 har ta ɗumama sosai. Ta da ita a tsaye na minti biyu bai wadatar ba. Ba a kuma barin inji na aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da wari ba.

Littafin Mota

A nan ne aikin magatakarda ya shigo. Direba na iya sauyawa, kuma abin da ya sani ya tafi da shi. A keɓe littafi ɗaya ga motar, a ja masa layuka: ranar wata, adadin kilomita, abin da aka yi, abin da aka saya da kuɗinsa, sunan wanda ya yi. A rubuta ko wace litar fetur da ta baƙin mai. Bayan wata uku littafin zai fara magana da kansa. In motar da ta saba zuwa Kano ta hanyar Wudil ta komo da awo kaza ta fara neman ƙari, ko dai inji na da damuwa, ko kuwa man na bin wata hanya, kuma ko wanne ne hakimi ya kamata ya sani. A shafin ƙarshe a rubuta ranar ƙarewar takardun mota da inshora da lasin direba, don kada jami'an kiyaye haɗurra su tare motar hakimi a gaban talakawansa.

Inda Hannun Gida Ya Ke Tsayawa

Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kuma bulon siminti ba abin dogara ba ne, yana rugujewa ba kashedi. A sa gungumen itace mai ƙarfi, a tare sauran ƙafafu da duwatsu, a sa giya da birkin hannu.

Gyaran cikin birki, da sitiyari, da akwatin giya, da kuloci, da buɗe kan inji, na makanike ne wanda ya san Peugeot, mai sifanar awon ɗauri. Duk da haka mai mota ya san abu ɗaya, don ya gane ko hannun da ya ba aiki gwani ne. Silindar 504 ba a jikin inji aka huda su ba, hannayen riga ne na ƙarfe da a ke zurawa, ruwa na kewaye da su, da abin toshiya a gindinsu. In an ɗage kan inji, tilas a danne su da ƙarfe kafin a juya inji ko kaɗan. In ba haka ba sai su motsa, toshiyar gindi ta saki, a ɗaura sabon gasket a biya kuɗi, bayan mako guda ruwa ya sake bayyana a cikin mai.

Kayan gyara ana samun su a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sabo da na kwance, na kirki da jabu a rumfa ɗaya. Wanda aka aika ya tafi da tsohon abin a hannunsa ya gwada, ya karɓi rasit, ya kuma komo da tsohon a nuna wa magatakarda. Abin roba, kamar tiyo da fanbel da robobin birki, ba a sayen na kwance. In an tashi sayen fanbel ko kwantak a sayi biyu, ɗaya ya zauna a but tare da fulogi, da tiyo, da waya, da galan na ruwa, da litar baƙin mai, da tocila, da abin kashe gobara, tun ba ma a motar da a kan tasa da tsakar dare don kai mai naƙuda asibitin tarayya na Birnin Kudu daga ƙauyukan Gwaram.